Saita Hasken Monita da Sautinta Daga Cikin Kwamfuta

Jama'a masu sauraro na cikin garin Suleja da Madalla da Kwamba da Maje da Gauraka, har zuwa Diko da Sabon Wuse, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa kan na'urorin zamani.

Maganar yau ta masu wuni gaban kwamfuta ce, musamman waɗanda kwamfutarsu ke da allo na daban da ake jonawa da waya, wato monita. Mai shagon buga takardu a gefen Kasuwar IBB, da kai nake. Hajiya mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da ke nake. Haka mai gyaran hoto da bidiyon biki, haka ma'aikacin da ke sammako ya wuce ta gindin Dutsen Zuma zuwa Abuja, ya shafe yini yana kallon allo a ofis a Wuse ko Garki, ya dawo bayan isha'i ya jona laftof ɗinsa da wata monitar don ƙarasa abin da ya rage. Tambayata gare ku ita ce, yaushe rabonku da taɓa hasken monitar nan? Da yawa cikinmu tun ranar da aka sayo ta ba a taɓa ba. Yadda take haskawa da tsakar rana ƙofa a buɗe, haka take haskawa ƙarfe goman dare an ɗauke wuta, ɗaki baƙi ƙirin, ita kaɗai ke dallare fuskar mutum.

Ban ga laifin kowa ba a nan. Akasarin monitocin da ke shagunanmu na hannu ne, tokumbo, irin su Dell da HP da Lenovo da Samsung waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta Computer Village da ke Ikeja ko Banex da ke Wuse kafin su iso hannunmu. Wata madannanta sun mutu. Wata suna ɓoye a ƙarƙashi ko a baya, sai ka lallaba da yatsa, ka danna, ka shiga nan, ka fita can, kafin ka kai ga inda ake rage haske. Wanda ke da kwastoma tsaye a kansa yana jiran takarda ba zai tsaya wannan lalube ba. Ga kuma wani abin takaici: madannan rage haske da ke kan laftof allon laftof ɗin kaɗai suke ji. Ka danna su har ka gaji, monitar da ka jona ko gezau. Sai mutum ya haƙura, ya ɗauka haka aka yi ta.

Ba haka aka yi ta ba. A cikin wayar nan da ta haɗa kwamfutarka da monita akwai wata 'yar hanya da ba hoto take ɗauka ba, saƙo take ɗauka. Ta nan monita ke gaya wa kwamfuta sunanta da girmanta a duk lokacin da aka kunna. Ku duba bakin wayar VGA, shuɗiyar nan mai kusoshi biyu, za ku ga allurai a jere. Ramukansu 15 ne, kuma biyu daga ciki, na 12 da na 15, aikinsu ke nan. Wayar HDMI ma tana da irin wannan hanya, haka DVI da DisplayPort. A shekarar 1998 ƙungiyar VESA, wadda kamfanonin ƙera allo da kwamfuta suka kafa a Amurka don daidaita ƙa'idojin aikinsu, ta fitar da tsarin da ake kira DDC/CI, wanda ya ba kwamfuta damar ba monita umarni ta wannan hanya. Kowane umarni da lambarsa. Haske lamba 10 ne. Bambancin fari da baƙi lamba 12. Ƙarar sauti lamba 62. Sauya mashigar hoto, daga HDMI zuwa VGA misali, lamba 60. Idan kwamfuta ta aika cewa lamba 10 ta koma 35, monita za ta rage fitilarta daidai da yadda za ta yi in da yatsa ka danna. Ma'ana, tsohuwar monitar da ka saya a kasuwa mai yiwuwa ta iya wannan tun daga kamfani. Abin da ya rage shi ne manhajar da za ta aika umarnin, domin Windows ba ta zo da ita a fili ba.

Manhajojin suna nan, kuma waɗanda zan ambata ba sai an biya ko kwabo ba kafin a rage haske da su. Ku ɗauki biro.

Ga mai Windows 10 ko Windows 11 akwai Twinkle Tray, ana samunta a Microsoft Store. Da zarar ka ɗora ta, wata 'yar alama za ta fito a ƙasa kusa da agogo. Ka danna, sai ka ga sandar ja ga kowace monita da ke jone, ka ja hagu haske ya ragu, ka ja dama ya ƙaru. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne za ka iya tsara mata lokuta: da hantsi haske ya kai kaza, bayan la'asar ya sauko, bayan magariba ya ƙara saukowa, ba tare da ka sake tunawa ba. Tana kuma bari ka ware madannai a kibod don wannan aiki, kuma a cikin saitinta ana iya fito da sandar sauti ga monitar da ke da sifika. Akwai Monitorian, ita ma a Microsoft Store, ta fi sauƙin kai, haske da bambancin fari da baƙi kawai ta sa gaba.

Na san akwai shaguna da dama a garin nan da har yanzu Windows 7 ke kan kwamfutocinsu. Ku ma ba a bar ku a baya ba. ControlMyMonitor, ta shafin NirSoft, ƙarama ce ƙwarai, ba ta cin data, ba a ma girka ta. A filash za ka sa ta, ka buɗe a kowace kwamfuta. Fuskarta ba ta da ado, jerin lambobi ne kawai, amma tunda kun ji lambobin yanzu ba za ta ba ku tsoro ba: ka nemo layin 10, ka danna sau biyu, ka rubuta adadin da kake so. Masu gyaran kwamfuta, wannan taku ce, domin tana nuna duk abin da monita ta yarda a canza mata. Mai Mac ya nemi MonitorControl, wadda ke sa madannan haske da na sauti na kibod ɗin Apple su yi aiki a kan monitar wani kamfani. Mai Linux kuwa ddcutil. Sannan wasu kamfanonin suna da tasu, kamar Dell Display Manager ta Dell da OnScreen Control ta LG.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake. Ku sauke su daga Microsoft Store ko daga shafin masu su na ainihi. Kada ku karɓi wadda aka turo a WhatsApp, ko wadda wani shafi ya ce sai an kashe manhajar tsaro kafin ta shiga. Kwamfutar shagon buga takardu cike take da amanar mutane, takardun makaranta, lambar NIN, takardun fili, wasiƙun neman aiki. Ba a kai wannan amana ga halaka saboda neman rage haske.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe a kai, domin nan ne ake ruɗewa. Rage haske iri biyu ne, kuma a ido suna kama da juna. Monitocin da ke kasuwarmu kusan dukkansu LCD ne, wato a bayan gilashin akwai fitila da ke ci, hoton kuma yana gabanta. Manhajar da ke amfani da DDC/CI fitilar take ragewa. Amma akwai wasu manhajoji, har da saitin da ke zuwa da katin hoto na Intel ko Nvidia, waɗanda ba sa taɓa fitilar ko kaɗan. Hoton suke dusasarwa, su shimfiɗa masa duhu a sama, fitila kuwa tana can tana ci iyakar ƙarfinta. Bambancinsu kamar na mai fitilar ƙwai ne da ya ga haske ya yi yawa: wani ya rage lagwani, wani ya yafa mata ƙyalle. Duka biyun ɗaki ya dusashe, amma na biyun kananzir ɗinsa na tafiya yadda yake tafiya. A monita ma haka, wutar da take sha ba ta ragu ba, ga shi kuma fari ya koma toka-toka, rubutu ya rage fitowa, ido ya ƙara wahala wajen karantawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Bayan ka ja sandar, ka buɗe menun monitar da madanninta ka duba adadin haske. Idan ya sauko daga 80 zuwa 35, fitilar ce ta ragu. Idan yana nan a 80, ƙyalle aka yafa.

Wannan bambanci ya shafi aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kunna janareta ke ci, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. Ko kana kan layin AEDC da mita mai kati, ko kana kan sola da inbata, kowane wat da lissafinsa. A jikin monita, fitilar bayan nan ita ke shan mafi yawan wuta, musamman tsofaffin masu kauri da ke amfani da fitilar kwalba kafin zuwan LED. Bari mu yi lissafi na misali. A ƙaddara rage haske ya sauke maka wat 10 a monita ɗaya. Kafe mai kwamfuta 20 ya sauke wat 200 ke nan, a awa 8 yunit 1.6 a kullum. Cibiyar jarrabawar JAMB mai kwamfuta 250 kuwa, wat 2,500 ke nan aka ɗauke wa janareta. Kada ku tsaya kan lissafina. Mai inbata ya dubi fuskar inbatarsa inda take nuna nauyin da ke kanta, ya rage hasken monitocinsa, ya sake dubawa. Abin da ya gani da idonsa shi ne nasa lissafin.

Amma ko da wuta kyauta ce, ido ba kyauta ba ne a wurin wanda da shi yake neman abinci. Monitoci da yawa suna iya kai ma'aunin haske 250 zuwa 300 in an ƙure su, kuma kamfani kan fito da su da haske mai yawa don su ja ido a kanti mai fitilu. Aikin cikin ɗaki kuwa wajen 100 zuwa 150 ya wadatar. Ba sai ka sayi na'urar awo ba. Ka buɗe farin shafi a Word, ka ɗauki farar takarda ka riƙe a gefen allon. Idan allon ya fi takardar haske nesa ba kusa ba, rage shi har su kusa daidaita. Idan takardar ta fi shi, ƙara. Kuma tunda hasken shago da ƙarfe sha biyun rana ba ɗaya yake da na bayan magariba ba, saiti ɗaya ba zai yi maka yini ba. Amfanin manhajar ke nan, ta mayar da gyaran abu na sakan biyu, wanda mutum zai iya yi sau uku a rana ba tare da ƙyuya ba. Sau uku ko huɗu ya isa. Kada a tsara ta ta riƙa canzawa kowane minti, domin wasu monitoci suna rubuta kowane canji a wani ɗan ma'ajin cikinsu da ke da iyakar yawan rubutu.

Masu gyaran hoto, ku matso kusa. Sau nawa kwastoma ya dawo da hoton biki yana cewa amarya ta yi duhu, alhali a allonka tana fes? Sau da yawa injin bugawa ba shi da laifi. Allonka ne ya cika haske, sai ka ga hoton ya isa, ba ka ƙara masa ba, takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Masu wannan sana'a sukan tsayar da allonsu wajen ma'aunin haske 120 ko ƙasa da haka in bugawa za a yi. Sannan ku lura da Night light, wanda Windows 10 ta zo da shi a 2017. Launi yake juyawa ya koma ruwan ɗorawa don dare, ba ya rage fitila. Yana da daɗi ga mai karatu, amma mai daidaita launin atamfa da leshi ya kashe shi kafin ya fara aiki.

Akwai kuma abin da rage haske kaɗai ba zai magance ba. Ɗan'adam kan ƙifta ido wajen sau 15 a minti, amma in ya zuba wa allo ido adadin kan ragu da rabi ko fiye. Ƙiftawar nan ita ke shafa wa ido ruwa. Haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu da ƙura, da fanka da ke bugun fuska, za ka gane dalilin da ya sa ido ke yaji da yamma kamar an watsa masa yashi. Likitocin ido suna ba da shawarar da ake kira 20-20-20: bayan kowane minti 20, ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato wajen mita 6, na tsawon sakan 20. Mai shago a bakin titi ya dubi tsallaken hanya, shi ke nan. Game da tabaran da ake tallatawa wai na kare shuɗin haske, ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar sayensu, domin babu hujjar cewa shuɗin hasken allo na lalata ido. Kuɗin ya fi amfani a wurin gwajin ido. Wanda ya haura shekara 40 ya fara nesanta takarda kafin ya karanta, ko wanda ciwon kai da gani biyu-biyu suka ƙi barinsa, wannan ba aikin manhaja ba ne. Ya je asibiti a duba shi, in abin ya fi ƙarfin nan a tura shi Abuja ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Wasu monitocin LED, in an rage su, ba dusashe fitilar suke yi ba, kunna ta da kashe ta suke yi da saurin da ido ba ya kamawa. Akwai mutanen da wannan ke sa wa ciwon kai. Ka rage hasken ƙasa sosai, ka kaɗa biro da sauri a gaban farin shafi. In ka ga inuwar biron ta rarrabu gida-gida, taka irin wannan ce. Sai ka bar ta a tsaka-tsaki, ka kunna ɗan ƙwan fitila a ɗakin don kada allon ya zama shi kaɗai ke haske.

Sai sauti. Wayar VGA ba ta ɗaukar sauti, don haka in da ita ka jona, kada ka zargi sifikar monita, sai ka ƙara wata wayar sauti daban. HDMI da DisplayPort suna ɗauka. Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aunin sauti biyu ne, ɗaya a Windows, ɗaya a cikin monitar. Sai ka ga na Windows ya kai 100 amma ba a jin komai, ashe na monita yana kan 5, madanninta kuma ya mutu. Lamba 62 ɗin nan ita ce mafita. A Mac abin ya fi haka, domin da zarar sauti ya bi ta HDMI madannan sauti na kibod sukan daina aiki, sai an ɗora irin su MonitorControl.

Kuma tunda muna kan sauti, ina roƙon matasanmu masu haɗa bidiyo da waƙa, waɗanda ke wuni da abin sauraro a kunne janareta na ruri a bakin ƙofa. Ƙarar janareta ke sa ku ƙure sauti ba ku sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako, amma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In wanda ke kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba sai ya taɓa ka, sautin ya yi yawa. Ka rage, ka matsar da janareta nesa, wanda dama ya kamata saboda hayaƙinsa.

To, idan ka ɗora manhajar ta ce ba ta ga monita ba fa? Fara da menun monitar, ka nemo inda aka rubuta DDC/CI ka tabbata a kunne yake. A Dell yawanci yana ƙarƙashin Others, a HP ƙarƙashin Management. In menun ya ƙi buɗewa ya nuna alamar kwado, kulle shi aka yi tun a ofishin da ta fito, kuma a HP da dama danne madannin menu na wajen sakan 10 yana buɗe shi. Duba kuma ko an sa ta a wani tsarin hoto na fim ko na wasa ko na tsimin wuta, domin wasunsu suna kulle haske. Bayan nan sai waya. Wayar VGA mai arha wani lokaci ba a haɗa mata alluran saƙon nan ba, hoto zai fito amma umarni ba zai wuce ba. Ƙananan na'urorin da ke juya HDMI zuwa VGA, waɗanda suka cika shagunanmu, wasu suna wucewa da umarnin, wasu suna tare shi. Sauya waya ko na'urar kafin ka yanke wa monitar hukunci. Wanda kuma talabijin ya mayar monita, ya sani akasarin talabijin ba sa jin wannan tsari, sai dai ya riƙe rimot ɗinsa kusa.

Mai niyyar sayen monita ta hannu, ka tafi kasuwa da laftof ɗinka da ControlMyMonitor a filash. Ka ce wa mai shago, "Malam, don Allah a jona mini in gwada." Ka buɗe farin shafi ka duba tabo, ka buɗe baƙi ka duba ɗigon haske, sannan ka canza lamba 10 ka ga ko ta amsa, in tana da sifika ka gwada lamba 62. Wadda ta amsa, ko madannanta biyu sun mutu za ta yi maka aiki, kuma ka samu abin neman ragi a ciniki. Wadda madannanta suka mutu kuma ta ƙi amsawa, bar masa kayansa.

Lokacin da aka ɗiba mana ya cika. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.